Kafin Ka Miƙa Makullin Tirelar Dawaki

Ɗana, ranar da ka zo gaishe ni ka zauna a gefen tabarma kana ta juya makulli a hannu, na san akwai magana a bakinka. Sai da muka idar da la'asar ka fito da ita. Ka ce tun da ka sayo tirelar nan mai ɗaukar dawaki biyu wayarka ba ta huta ba. Wannan zai kai dokinsa sukuwa Katsina, wancan an gayyace shi hawan angonci a Zariya, wani kuma ingarmansa ne ba lafiya. Dukkansu mutanenka ne, da wasunsu ma tare kuka koyi ɗaura sirdi. In ka hana, a ce ka samu duniya ka canza. In ka bayar, barci ba ya ɗaukarka sai ka ji ƙarar tayarta a ƙofar gida. Na ce ka ba ni kwana biyu. Ga amsar na rubuta, kuma ina so ka karanta wa ƙannenka da abokan naka, domin ba kai kaɗai maganar ta shafa ba.

Abu na farko, kada ka yarda tirelar nan ta mayar da kai marowaci. Harkar doki a ƙasar nan da aro take tafiya tun kaka da kakanni. Ka tsaya a ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ka dubi mahayan da ke wucewa, mutum nawa ne doki nasa, sirdi nasa, jalala tasa, alkyabba tasa? Hawan sallar Kano da hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a shekarar 2024, kafaɗun masu ba da aro suna cikin waɗanda suka ɗauko shi har ya kawo yau. Ni kaina dokin da na fara yin kilisa a kansa na maƙwabcin mahaifina ne, kuma har dattijon nan ya rasu bai taɓa yi mini gori ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ari dokin Abu Ɗalha wata rana da aka ji hayaniya a Madina, ya hau ya je ya dubo. A ƙarshen Suratul Ma'un kuwa ka san wa aka zarga: mai hana mutane ɗan abin amfanin da suke nema a wurinsa. Saboda haka in ka ji ina ja maka kunne a nan gaba, ba ƙofar alheri nake so ka rufe ba.

Sai dai tirela ba sirdi ba ce. Sirdi in an ara an dawo da shi da tsinkakken majanyi, ka kai wa baduku ya ɗinke, magana ta ƙare. Ita kuwa tirela rai take ɗauka, a kan titin da wasu rayukan suke bi. Irin taka, ba komai a cikinta tana kusan tan ɗaya. Dokinmu na gida yakan kai kilo 300 zuwa 400, na Ajantina da 'yan polo suke hawa yakan wuce haka. Ka zuba biyu, ka ƙara jarkokin ruwa da harawa da buhun dusa da kayan hawa, ka tashi da kusan tan biyu a bayan mota. Kuma ba tan biyu na siminti ba, wanda inda ka ajiye shi nan za ka same shi. Wannan kaya ne mai tsayi, nauyinsa yana sama, yana motsi, yana tsorata, in babbar mota ta danna oda kusa da shi sai ya karkata gefe guda gaba ɗaya. Kowace mota akwai iyakar nauyin da masu ƙera ta suka ce ta ja, yana rubuce a littafinta. Abokinka da ya zo da ƙaramar mota ya ce ai an liƙa mata ƙugiya a gareji, wannan ba sai ka yi dogon tunani ba. Motar za ta ja, amma ranar da ake buƙatar tsayawa cikin gaggawa tirelar ce za ta tura ta.

Sannan wa zai tuƙa? Mutum yana iya shekara ashirin yana tuƙi bai taɓa jan komai a bayansa ba. Bai san cewa in tirela ta fara lilo hagu da dama ba a taka birki da ƙarfi ba, ɗage ƙafa ake yi daga totur, a riƙe sitiyari daidai har ta lafa. Bai san a kwana ana buɗewa ba, bai iya baya da ita ba, bai san ɗan siririn wayan nan da ke gefen ƙugiya shi ke jan birkin tirelar in ta ɓalle daga mota ba, sai ya bar shi yana reto. Doki ɗaya zai ɗauka ya sa shi a ɓangaren dama, alhali tun 1972 da muka koma bin hannun dama a Nijeriya, doki ɗaya ko wanda ya fi nauyi a hagu ake sa shi, ɓangaren direba, saboda titi ta tsakiya ya fi tudu, gefe kuma gangare ne. Da sun isa, ya buɗe ƙarfen baya tun bai kwance ragama ba, doki ya ja da baya ya ji kansa a ɗaure, ya firgita, ya fasa kansa da rufi. Duk waɗannan ba mugunta ba ce, rashin sani ne. Amma dokin da ya ji ciwo bai san bambancin ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ban cika son faɗa ba, domin a labarin nan ni ne mai laifi, ba mai aron ba.

Shekarun baya ina da wata tsohuwar kanta da na sa kafinta ya yi mata shinge na katako, tana ɗaukar dawaki huɗu. Wani aminina, wanda muka fi shekara talatin tare, ya aiko ɗansa yana neman aronta zai kai dawakinsa sukuwa. Na san akwai katako ɗaya a daɓenta, can baya ta hannun hagu, da ya fara laushi. Fitsarin doki haka yake yi: yana bi ta ƙarƙashin shimfiɗar roba ya kwanta, sama ka ga katako lafiya lau, ciki kuwa ya zama kamar dafaffen rogo. Na taɓa danna shi da sukundireba na ji ya shige, na ce bayan kaka zan canza. Da yaron ya zo, maganar ta zo mini har baki, sai na haɗiye. Na ji tsoron kada mahaifinsa ya ɗauka dalilin hanawa nake ƙirƙira. Na miƙa makulli na ce Allah ya kai lafiya.

Ba su yi rabin hanya ba katakon ya burma. Ƙafar bayan wani akawal, mafi soyuwa a bargarsa, ta zurma har gwiwa mota tana tafiya. Allah ya taimaka akwai yaron barga a baya tare da dawakin, shi ya dinga dukan kan motar yana ihu har direba ya tsaya. Dokin ya rayu, amma jijiyar ƙafar ta tafi, bai ƙara fita fili ba. Na je har gida na faɗa wa aminin nawa gaskiya, cewa na san da katakon. Na ce zan biya, ya ce ba zai karɓi sisina ba, ƙaddara ce. Bai ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya. Amma shekara biyu muka yi gaisuwarmu ba ta wuce ta bakin masallaci ba, kuma duk ranar da na bi ta ƙofar gidansa na hango akawal ɗin a turke yana ɗingishi, sai na ji abin ya dawo mini sabo. Ka lura da abu ɗaya, ɗana: tirelarka ba mai zama a baya. In irin wannan ta faru, ba mai dukan kan mota. Direba zai ci gaba da tafiya har sai wani a hanya ya tsayar da shi.

Tun daga ranar na gane cewa kafin ka tambayi kanka ko abokinka zai kula da kayanka, ka fara tambayar kanka ko kayan naka sun isa a ɗora musu dukiyar wani. Ka ɗaga roba ka danna kowane katako. Ka duba tayoyi, kada zanensu ya ruɗe ka, domin tayar tirela ba cinyewa take yi ba, tsufa take yi a tsaye cikin rana har gefenta ya tsattsage. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Taka da ta shigo ta hannu, ba mamaki tayoyinta sun girmi ɗanka na fari. Boris yana son giris, fitilun baya da sigina suna son a gwada su kowace fita. In akwai abin da bai yi daidai ba, faɗarsa wajibi ce a kanka ko da mai aron zai ji haushi.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Doki yana shiga tirela ya fita, ya bar majinarsa a ƙarfen gaba, ya bar gashinsa a jikin shinge. Cutar nan da ke kumbura ƙarƙashin muƙamuƙin doki har ya fashe da mugunya, ƙwayarta tana zama a katako da bokiti kwana da kwanaki, a ruwa ma ta fi daɗewa. Makero yana bin duk abin da fata ta goga. Kaska tana faɗuwa cikin ciyawar da aka shimfiɗa ta jira na gaba. Ka tuna murar dawaki da jakuna da ta ratsa yankin Sakkwato da Jamhuriyar Nijar daga ƙarshen 2018 zuwa 2019, dubban jakuna suka mutu, kuma zirga-zirgar dabbobi daga kasuwa zuwa kasuwa ita ta ba ta ƙafa. Wannan ya sa roƙon da ya fi taɓa zuciya, na mai doki mara lafiya, shi ya fi buƙatar ka yi tambaya. In ciwon ciki ne ya kayar da dokin, ko rauni ya ji, tashi ko da tsakar dare ne, ka haɗa tirela ka kai shi da kanka, ko asibitin dabbobi na jami'ar Zariya ne, kada ka tsaya wani sharaɗi. In kuwa tari ne da majina da zazzaɓi, likita ya kamata ya zo ya same shi a turkensa. In ya zama dole a ɗauke shi, to a kwashe shimfiɗa a ƙone, a wanke ko'ina da sabulu da maganin kashe ƙwayar cuta, a bar ta a buɗe rana ta dake ta sosai kafin naka su shiga.

Ka tambaye ni in abu ya lalace a hannun mai aro, wa zai biya. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun raba kayan aro gida biyu, kuma yana nan a Risala da muka karanta a zaure. Akwai abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufafi da kayan ado da makami. Wannan in mai aro ya ce ya ɓata, sai ya biya, sai fa in yana da shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Sulkunan da Manzon Allah ya ara a wurin Safwanu ɗan Umayya gab da yaƙin Hunaini irin wannan ne, ya kuma lamunce masa su. Akwai kuma abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabba ko gida. Shi wannan in ya halaka ba tare da sakaci ko wuce iyaka ba, mai aro ba ya biya, kuma a maganar da ta fi shahara ko ka gindaya masa sharaɗin biya, sharaɗin ba ya hawa kansa. Tirela ta fi kama da kashi na biyu. Ma'ana, in abokinka yana tafiya a hankali wata mota ta fito ta buge shi, asarar taka ce. Inshorar da yawancinmu muke yanka kuwa ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan tirelarka, balle dokin da ke ciki. Don haka ranar da za ka ba da aro, ka ba da shi da sanin cewa mai yiwuwa ne ba za ta dawo yadda ta fita ba, ka tambayi zuciyarka ko za ta iya ɗauka ba tare da ta tsani mutumin ba.

To ina kariyarka take? Tana cikin iyakar da ka faɗa da bakinka. Mai aro yana zama mai lamuni ne in ya wuce abin da aka yi masa izini. In ka ce Katsina, kilomita kamar 170 daga nan, ya zarce Maraɗi, ya wuce iyaka. In ka ce dawaki biyu, ya cusa ɗan baƙo na uku, ya wuce iyaka. In ka ce wane ne zai tuƙa, ya miƙa wa ƙaninsa, haka. Amma in ba ka faɗi komai ba, wace iyaka ya wuce? Har ma a mazhabarmu wanda ya ari abu yana iya ara wa wani in mai shi bai hana ba. Ka ga kenan shirun da kake yi don kunya, izini ne kake bayarwa ba ka sani ba. Mu Hausawa muna ganin faɗar sharaɗi ga aboki kamar rashin yarda ne. Ni na gwada shirun, na gaya maka abin da ya haifa mini. Maganar minti biyar a tsaye a gaban tirela, ina za ka, wa zai ja, yaushe za ta dawo, ga wannan lotsawar dama can akwai ta, ita ce mafi arhar abin da za ka taɓa kashewa a kan abota. In ka ɗauki hotonta da waya a gabansa, ka ce don kada gobe mu yi ta tunanin wa ya yi me, mai hankali zai gode maka, domin shi ma ka kare shi.

Abin da na koma yi bayan abin da ya same ni, kuma shi nake so ka ɗauka, shi ne in ba da aron tare da kaina. In ina da sarari in tuƙa in kai su. In ba ni da shi, direbana ya tafi, mai aro ya zuba mai ya ciyar da direban. Mota ta san hannun da ta saba da shi, direban ya san inda take ciwo, ya san a tsaya bayan awa uku ko huɗu a ba dawaki ruwa a sassauta musu ragama su sunkuyar da kai. Wannan sunkuyawar ba ƙaramin abu ba ce: dokin da aka ɗaure kansa sama tsawon tafiya, ƙura da majina suna taruwa masa a ƙirji, bayan kwana ɗaya ko biyu sai ka ga zazzaɓi ya rufe shi. Da wannan tsari ban hana kowa ba, ban kuma sake kwana da fargaba ba. Wata riba ma da ban yi tsammani ba, tafiye-tafiyen nan su suka ƙara mini kusanci da mutane. Hirar da ake yi a hanyar Kaduna da asuba, dawaki suna baya, ba a samunta a zaure.

Maganar kuɗi kuwa, ka tsaya a gefe ɗaya. In aro ne, aro ne, kada ka sa rai da komai bayan mai. In haya ce, ka kira ta haya, a yanka kuɗi kafin a tashi. Abin da ke ɓata zuciya shi ne na tsakiya, a ce aro a baki, a zuci kuma ana jiran a ga abin da zai miƙo.

Za a samu wanda dole ka ce masa a'a. Wanda ka san hannunsa a tuƙi, ko wanda ya taɓa dawo da ita da kashin doki a ciki da fitila a fashe bai ce uffan ba. Ka faɗa masa da sakin fuska, kuma kada ka yi ƙarya. In ka ce taya ta lalace, jibi zai hango ta a hanyar filin sukuwa, daga nan ya tashi daga wanda aka hana ya koma wanda aka yaudara, wannan kuwa ya fi wuyar warkewa. Ka ce masa, ɗan'uwa, ba na sakin ta a hannun kowa, amma gaya mini ranar, in na samu dama ni zan kai ka. Ka kuma riƙe ƙa'idar nan ga kowa, ɗan sarki da ɗan mai unguwa, domin mutane suna jure ƙa'ida, abin da ba sa jurewa shi ne su ga an ɗage ta ga wani an sauke a kansu.

Ku kuma 'ya'yana masu zuwa aro, ku saurare ni. Mutumin nan shekaru ya yi yana tara kuɗin abin nan. Ku nema da wuri, ba daren tafiya ba, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ku dawo da ita a ranar da kuka ce, a share, a wanke, a ɗaga roba daɓe ya sha iska. In kun goga ta a jikin ƙofa, ku kira shi tun kuna hanya, kada ku bari idonsa ya riga bakinku. In kuma kun ga kusan kowane wata kuna ƙofarsa, to buƙatarku ta wuce ta aro. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku yi adashe ku sayi taku, ko ku riƙa ɗaukar haya, ku bar tasa don ranar da ta ɓaci.

Kai kuma ɗana, sallah ta matso, na san wayar za ta ƙaru. Ranar Asabar da safe ka jawo tirelar ka kawo ta nan ƙofar gida, ka taho da ƙaninka da yaron da ke kula maka da dawaki. Ina da sukundireba da tocila. Za mu ɗaga robar nan tare, in nuna muku inda katako yake fara ruɓewa, sannan mu karanta lambobin tayoyin ɗaya bayan ɗaya, har da safaya.